Ranar da Baba Zibrim Ya Ɗaure Ruwa

"Baba, don girman Allah, wannan fa ba igiyar shanu ba ce!"

"Ban ce igiyar shanu ba ce. Cewa na yi zaren naka duk hannu ɗaya ya bi."

"To ai haka na zana shi. Ga takardar nan."

"Takardar ce za ta riƙe ruwan?"

"Baba, akwai lissafi a ciki. Shekara uku na yi ina karanta wannan abin."

"To madalla. Allah ya ba lissafi sa'a."

Ku gyara zama ku ji su wane ne waɗannan.

Akwai wani dattijo a zangon Bawku da ake kira Baba Zibrim, sana'arsa tufkar igiya. Shekara arba'in da ɗoriya yana zaune a gindin wata darbejiya a bakin kasuwar shanu, yana warware tsofaffin buhuna yana mayar da su igiya. Dillalai sun sani, duk san da aka ɗaure da igiyar Baba, ko Kumasi za a kai shi, ba ya tsinkewa ya bar mai shi da gudu.

'Ya'yansa biyu ne. Babbar ita ce Latifatu, mai noman albasa a bakin kogi wajen Binduri. Ƙaramin shi ne Wahid, wanda ya gama makarantar fasaha a Tamale ya dawo gida da tabarau, da jakar kwamfuta, da wata irin tafiya kamar ƙasa ta yi masa laifi.

Lokacin da ake wannan musu a tsakar gida, Latifatu na zaune a bakin madafa tana jin komai. Dole ta kasa kunne, domin tiyon da ake musu a kai nata ne, kuma shi kaɗai gare ta.

Lambun Latifatu shi ne mafi nisa da ruwa a duk jerin lambunan matan wurin. Fangali arba'in na jar albasa, can saman gaɓa. Kafin ruwa ya taso daga injin ban-ruwa da ke bakin kogi ya iso gare ta, sai ya bi dogon tiyo ta kan duwatsu, ya ratsa hanyar da shanu ke bi su sha ruwa. Rana ta gasa shi ya bushe, dutse ya kankare shi, kofato ya taka shi, injin kuma ya tura ruwa da ƙarfi ya nemi inda ya yi rauni. Kowace shekara rabin aikinta ba noma ba ne, ɗaurin faci ne da robar taya. Har matan lambu sun sa wa tiyon nata suna Mai Rawani Ɗari.

Da Wahid ya dawo ya ga haka, sai ya ce shi zai kawo ƙarshen abin. Kuma gaskiya ita ce, tunaninsa ba na banza ba ne. Ya ce tiyo guda ɗaya ana sa shi aikin mutum uku, shi ya sa yake mutuwa. A raba aikin. Na ciki ya riƙe ruwa kawai. A naɗe shi da zaren nailan, shi ya riƙe ƙarfin injin. A waje kuma a lulluɓe da robar cikin taya, a manne da gam ɗin masu faci, ita ta sha rana da dutse da kofato.

Latifatu ta iya kwaikwayonsa sarai. Sai ta tura gyale baya, ta ɗaga yatsa, ta shaƙe murya: "Yaya Lati, ki gane. Fas leya, wota. Sekan leya, fresha. Tad leya, furotekshan." Matan lambu su yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma a ranta alfahari take yi. Ƙaninta ne. Ita ta goya shi.

Ya haɗa ɗan guntu kamu ɗaya ya gwada a famfon gida. Ya taka shi, ya ja shi a kan siminti, ya bar shi mako guda a kan kwanon ɗaki. Ko gezau. Ganin haka ne Latifatu ta shayar da albasarta ta ƙoshi wata safiya, ta naɗe tiyonta kaf, ta ɗora a motokin, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ta kawo masa Bawku. Ya ce kwana biyu kawai. Albasar kuwa saura mako uku a cire, daidai lokacin da take ɗura kai, lokacin da ba ta yafe ƙishirwa.

Har wata na'ura ya ƙera. Ya samo ƙafar tsohon keke ya ɗaura mata ƙullin zare, tiyo ya ratsa ta tsakiya. Ana juyawa, zare na naɗuwa fir-fir-fir, a jere kamar an sa ma'auni. A nan ne Baba Zibrim ya dawo daga masallaci, ya tsaya ya duba, ya ce zaren duk hannun dama ya bi.

Da musu ya yi tsawo, Baba ya waiwayo. "Lati, tiyon naki ne. Me kika ce?"

Latifatu ta dubi mahaifinta, da tafukan hannunsa da suka yi kanta kamar bayan kunkuru. Ta dubi Wahid da takardarsa mai layuka da lambobi. Sai ta ce, "Baba, ka bar shi. Zamani ne."

Baba ya juya. Ya ɗauki buhunansa ya fita.

Wahid bai tsaya nan ba. Ya ɗauki hoton tiyon ya watsa a zauren manoman rani na waya, ya ce ranar kasuwar Bawku za a gwada a Binduri, mai son gani ya zo. Mutum biyu manya suka amsa. Alhaji Tajudeen daga Salaga, shugaban masu lambu a can, wanda dama zai zo sayen shanu. Da Hajiya Sadiqa daga Yendi, mai shagon kayan noma, wadda ta zo ɗaukar albasa.

Da safen ranar, Wahid ya ce wa mahaifinsa, "Baba, rana za ta yi zafi, ba sai ka wahala ba." Latifatu ta ji, ta kuma gane abin da ke ƙarƙashin maganar. Ba ya son baƙi su ga mahaifinsu ne.

A bakin kogi an taru. Matan lambu sun bar aikinsu sun jeru. Tiyon na shimfiɗe baƙi wuluk, yana sheƙi tun daga injin har saman gaɓa. Alhaji Tajudeen, cikin farar babbar riga, ya sunkuya ya latsa shi da yatsa.

"Kai, wannan abu ya yi kyau paa. Yaro, babanka ma injiniya ne?"

Wahid ya gyara tabarau. "A'a, Alhaji. Yana dai harkar dabbobi."

Maganar ta soki Latifatu, amma ta haɗiye. Ta riƙe bakin tiyon a fangalin farko ta ɗaga hannu. Wahid ya ja igiyar injin.

Daƙiƙun farko lafiya lau. Ruwa ya fito da ƙarfin da ba ta taɓa gani ba, ko ɗigo babu a hanya. Wata mata har ta fara guɗa.

Sai Latifatu ta ji tiyon yana juyawa a hannunta.

Ta ƙara damƙewa. Ya ƙara juyawa, kamar wani ne a can ƙasa yake murɗa shi da gangan. Ta waiga, sai ta ga duk tsawonsa ya fara birgima a kan yashi. Ya tashi ya yi gammo a nan, ya yi wani gammon a can. Ya fizge daga hannunta, ya ɗaga kai sama kamar kububuwa ta ji haushi, ya yi wa farar rigar Alhaji wanka da jan ruwan kogi tun daga hula har takalmi.

"Oi! Oi! Ku kashe shi!" in ji Hajiya Sadiqa, ta tattare zani ta haye kan wani buhun taki. Babu wanda ya san ko injin take nufi ko tiyon.

Kafin Wahid ya kai ga injin, gammon ya shaƙe, ruwa ya rasa hanya. Sai ji aka yi fau! Sannan fau! Wuri biyu.

Alhaji Tajudeen ya cire hularsa ya matse, ya mayar. Ya ce, "Yaro, mu a Salaga tiyo muke nema, ba abin da za a kira mai maganin maciji ba."

Dariyar da matan suka yi ba irin ta da ba ce. Latifatu ta san bambancin.

Ita dai ba ta dariyar take yi ba. Albasa take kallo. Kwana biyu ke nan ba ruwa, ga zafin ƙarshen rani ya fara dukan ƙasa. Na aro babu, kowace mata nata tiyon na kan aiki, kuma ko an haɗa biyu ba za su kai saman gaɓa ba. Sabo kuwa sai an cire albasa. Ta ɗauki bokiti biyu ta gangara kogi. Ta yi ta hawa da sauka har la'asar, wuyanta ya ƙage, fangali tara kawai ta jiƙa. Sauran talatin da ɗayan sun fara sunkuyar da kai, bakin ganyen ya soma rawaya.

Wahid kuwa yana gindin mangwaro, ya buɗe kwamfuta yana kallonta kamar ita ta ci amanarsa.

Latifatu ta ajiye bokiti ta hau motokin sai kasuwar shanu.

Ta tarar da Baba a inda yake kullum, ƙafa a miƙe, bakin igiya a maƙale a babban yatsansa. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ba ta san ta inda za ta fara ba. Sai idonta ya faɗa kan wani kwando a gefensa, cike da ƙulle-ƙullen siririn zare, an murza shi sumul. Ba na shanu ba ne. Ko akuya ba za a ɗaure da shi ba.

"Baba, wannan na mene ne?"

"Na tiyonki."

"Tun yaushe ka fara?"

"Tun ranar da aka ce min ba igiyar shanu ba ce."

Hawaye ya cika mata ido, haushi kuma ya taso. "Ashe ka san zai fashe, ka yi shiru?"

"Na yi magana, Lati. Ke ma kina wurin."

Ta sunkuyar da kai.

Baba ya jawo wata igiya ya miƙa mata. "Duba nan. Kowane sili na murza shi dama. Da na zo haɗa su, na tufka su hagu. Wannan na son ya warware ta nan, wancan na son ya warware ta can, kowa ya tare wa ɗan'uwansa hanya. Igiya rigima ce da aka sasanta. In duk suka bi hannu ɗaya, ranar da sa ya ja, tare za su warware. Ruwan injin kuwa ai sa ne, daga ciki yake ja."

"To ka zo ka gyara min, Baba. Albasata za ta mutu."

"In da hannu zan naɗe wannan tsawon, sai wata guda. Keken nan da yaron ya ƙera dabara ce mai kyau, ni ban taɓa tunaninta ba. Da ita kwana biyu ya isa." Ya ci gaba da murza zarensa. "Amma ba na taɓa kayan mutum sai ya kira ni."

Washegari da sassafe Latifatu ta sami Wahid a ɗakinsa, ya ƙi fitowa ko kokon safe bai sha ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗora yatsu biyu a ido kamar tabarau, ta shaƙe murya.

"A'a, Alhaji. Yana dai harkar dabbobi."

"Yaya Lati, don Allah."

"Harkar dabbobin ce ta saya maka wannan kwamfutar, Injiniya. Harkar dabbobin ce ta kai ka Tamale. Ni ma na yi nawa laifin, na je na durƙusa. Saura kai. In kunya ce ta hana ka, ka zo ka gaya wa albasata, ita ma ta ji kunyar mutuwa."

Wahid ya cire tabaraun ya ajiye a kan katifa, ya sa takalmi.

A gaban dillalai da mahauta da masu kora, Wahid ya tuɓe takalminsa ya tsuguna a gindin darbejiya. Ya ce, "Baba, na yi kuskure. Ka zo ka koya min."

Wani dillali ya leƙo. "Af, Baba, wannan ba shi ne injiniyan ba?"

"Shi ne," in ji Baba, yana tattara kwandonsa. "Ɗauki wannan, Injiniya. Ka riƙe da kyau, akwai lissafi a ciki."

Aka kwashi keke da zare da gam aka yi Binduri. Suka ɓare robar waje, suka warware tsohon zaren, suka yanke wuraren da suka fashe suka haɗe da guntayen bututun ƙarfe. Wahid na ɗoki zai fara naɗi, Baba ya riƙe masa hannu.

"Gaggawar nan ce ta yi wa Alhaji wanka. Yanko min guntaye uku."

Kowane guntu aka naɗe shi sau biyu, sahu ɗaya dama, sahu ɗaya hagu, zaren ya gicciye juna kamar saƙar raga. Amma Baba ya bambanta su. Na farko ya sa zaren ya kwanta, yana bin tsawon tiyon. Na biyu ya sa shi ya miƙe, kusan zobe-zobe. Na uku ya auna da faɗin yatsunsa, ya karkata shi tsaka-tsaki, yana gyarawa yana gunaguni shi kaɗai.

Aka toshe bakin kowanne da totuwar masara aka ɗaure tam, aka haɗa da injin ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya murɗe. Sai dai na farko ya kumbura kamar kwaɗon da ya ji haushi. Na biyu ya miƙe ya ƙara tsawo, ya rame. Na uku ya kwanta abinsa, ko motsi bai yi ba, har totuwar ta yi tsalle ta faɗa kogi.

Wahid ya zaro ma'aunin kusurwa na makaranta ya ɗora a kan zaren. Ya duba wayarsa. Ya sake aunawa. Latifatu ta ga bakinsa ya buɗe.

"Baba, digiri hamsin da huɗu da 'yan kai. Shi ne abin da manyan masana'antu ke amfani da shi. Yana cikin littafinmu, na haddace shi na ci jarrabawa, ban taɓa sanin amfaninsa ba. A ina ka koya?"

"A wuyan sa," in ji Baba. "Juya keken."

Kwana biyu suna yi, daga hantsi har rana ta yi ja. Wahid na juya keke, Baba na tafe da baya yana saita zaren da yatsu, in ya ga ya kauce ya ce, "Tsaya, ɗan nan ya fara son kansa." Da aka zo lulluɓin waje, nan Wahid ya nuna nasa. Ya ce a naɗa robar kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, bakin ya kalli injin, don in an ja tiyon sama dutse ya zame a kai maimakon ya ɓare shi. Inda shanu ke ratsawa kuma ya ninka ta biyu. Baba ya duba ya gyaɗa kai. "Wannan ban san shi ba. Yi yadda ka ce."

Latifatu kuwa tana kan bokiti. Rana ta biyu, matan da suka yi mata dariya suka zo su shida, kowacce da bokitinta. Duk da haka fangali huɗu na can ƙarshe suka kwanta, ba su ƙara tashi ba. Ta tsaya ta dube su, sannan ta koma kogi.

Kasuwar Bawku kwana uku-uku take ci, don haka baƙin ba su tafi ba. Ranar kasuwa ta gaba, Latifatu da kanta ta je masaukinsu ta roƙe su su dawo. Alhaji Tajudeen ya zo, amma wannan karon da tsohuwar riga da lema a hannu. Hajiya Sadiqa ta tsaya nesa, kusa da buhun takinta na rannan.

Wahid ya tsaya a gabansu, babu takarda. Ya ce, "Alhaji, rannan ka tambaye ni sana'ar mahaifina, na ba ka rabin amsa. Ga shi nan. Baba Zibrim, mai tufkar igiya a kasuwar shanu. Leyar tsakiya, wato naɗin zaren, tasa ce, kuma ita ce tiyon."

Alhaji ya ware ido. "Zibrim mai igiya? Ai shanun da na saya ran kasuwar da ta wuce da igiyarka aka ɗaure su!"

"To ka ga ba su bi ka da gudu ba," in ji Baba.

Latifatu ta riƙe bakin tiyon. Injin ya tashi. Ta ji ruwan yana tahowa, tiyon ya yi tauri a tafinta, ta jira ya juya.

Bai juya ba.

Ruwa ya zubo a fangalin farko, busasshiyar ƙasa ta yi ta shansa tana ƙara. Ta matsa na biyu, na uku. Tana na goma sha biyu sai ga garken shanu sun gangaro shan ruwa, sun fi talatin. Suka bi ta kan tiyon ɗaya bayan ɗaya, wani babban sa har ya tsaya a kai yana tuƙa, kamar an aiko shi. Da suka wuce Wahid ya ruga ya duba. Sawun kofato ne kawai a kan roba.

Guɗar da ta tashi a bakin kogin nan, har masu lambun tsallake sai da suka ɗago kai. Hajiya Sadiqa ta baro buhunta ta zo ta ɗaga tiyon, ta lanƙwasa, ta sake shi ya miƙe. Ta ce, "Shekara ashirin ina sayar da na kanti a Yendi, ban ga wanda sa ya tsaya a kai ya tashi da rai ba. Yarinya, wannan a gidanku aka yi shi?"

"A gidanmu, Hajiya," in ji Latifatu. "Ubana da ƙanina." Ta faɗe shi da ƙarfi, yadda na bayan ma za su ji.

Kafin azahar ta shayar da fangali talatin da shida. Da yamma ganyen ya fara ɗagowa. Albasar nan ta kai ranar cirewa, ja jawur, kowace kamar dunƙulen hannu. Tiyon kuwa rani uku ke nan yana bakin kogin Binduri, faci ɗaya gare shi, shi ma ɓera ne. Yau a gindin darbejiyar nan akwai ƙafar keke kusa da kwandon igiya, uba da ɗa suna aiki suna musu, ana ɗaukar tiyonsu zuwa Yendi da Salaga da Saboba.

Amma mu koma ranar. Ana cikin murna Alhaji Tajudeen ya naɗe lemarsa, ya ja Wahid gefe. Ya ce injinan Salaga sun fi wannan girma, yana so ya san ko tiyon zai ɗauka, da kuma kaurin zaren da za a sa. Wahid ya buɗe baki zai fara zuba, sai ya haɗa ido da yayarsa. Ta ɗora yatsu biyu a ido. Ya rufe bakin.

"Alhaji, bari mu tambayi babban injiniya."

Aka juya ga Baba. Yana zaune a kan dutse ya jiƙa ƙafafunsa da ruwan tiyon. Alhaji ya maimaita tambayar cikin ladabi, mata suka matso, Hajiya Sadiqa ta ciro waya za ta ɗauki amsar.

Baba Zibrim ya shafa gemu, ya daɗe yana tunani. Sannan ya ɗago da gaske, ko murmushi babu.

"To, Alhaji, ruwan naku na Salaga, sa ne ko saniya?"

Darasi: Kada takardar da ke hannunka ta sa ka raina kantar da ke hannun wanda ya raine ka. Ilimin makaranta gaskiya ne, ilimin sana'a ma gaskiya ne, amma kowanne ya tafi shi kaɗai murɗewa yake yi ranar da nauyi ya zo. Sai sun gicciye sun riƙe juna, kamar zaren dama da na hagu. Kuma in an gaya maka gaskiya tun da wuri, ka saurara, don ba kullum ake tsira da fangali talatin da shida ba. Ku tura wa duk wani injiniyan gidanku, ku kuma karanta wa iyayen da hannuwansu suka yi kanta don mu yi karatu.